Barcin Jariri a Ɗakin Mai Jego

Jaririn da aka haifa lafiya yakan yi barcin awa 14 zuwa 17 tsakanin dare da rana, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 game da yaran da ba su cika wata huɗu ba. Wanda ya ji wannan adadi sai ya zaci babu ɗakin da ya kai na mai jego hutu. Matan Kafin Dafga, a ƙaramar hukumar Ƙaraye da ke yammacin Jihar Kano, sun san ba haka abin yake ba, haka ma 'yan'uwansu na ƙauyukan Rogo. Barcin yana da yawa, amma a gutsure yake zuwa: awa biyu yanzu, awa uku an jima, wani lokaci ma ko awa guda ba ya kaiwa. Kafin a yi suna idon uwa ya yi ja, masu zuwa barka kuma kowacce da shawararta.

Abu na farko da ke tashin jariri shi ne cikinsa. Ranar da aka haife shi, abin da cikin ke ɗauka a sha ɗaya bai wuce cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi ba, sai a hankali yake buɗewa. Nonon uwa kuma ba ya daɗewa a ciki. Don haka lafiyayyen jariri yakan nemi nono sau 8 zuwa 12 a kwana, kuma duk yadda aka raba wannan lissafi dole wasu su faɗo cikin dare. Ita kanta uwar tana amfana, domin sinadarin da ke sa nono ya kawo ya fi yawa a jikinta da dare. Matar da ake hana ta shayarwar dare don ta huta, sau da yawa ita ce ke wayar gari bayan mako biyu ana cewa nononta ba ya isar yaro.

Na biyu, jariri bai san dare ba bai san rana ba. Jikin babba yana fitar da wani sinadari mai suna melatonin idan duhu ya yi, shi ke sa jiki ya yi sanyi ido ya yi nauyi. Jariri ba ya fara fitar da nasa bisa tsari sai ya kai wata biyu zuwa uku. Kafin nan ɗan abin da yake samu daga nonon dare yake zuwa, domin nonon da uwa ta shayar da tsakar dare yana ɗauke da shi, na rana kuwa kusan babu. Idan aka ji tsohuwa tana cewa, "Yaron nan ya mai da dare rana," gaskiya ta faɗa, sai dai ba cuta ba ce, ba kuma rigima ba ce.

Na uku ya shafi yadda barcin kansa yake. Kusan rabin barcin jariri mara nauyi ne. A cikinsa ana ganin ƙwayar ido tana motsi ƙarƙashin fata, ya yi murmushi, ya ɓata fuska, ya yi nishi, ya miƙe hannu kamar an tsorata shi, numfashinsa ya yi sauri sannan ya ɗan tsaya na daƙiƙa biyar zuwa goma ya ci gaba. Duk wannan barci yake yi. Zagaye ɗaya na barcinsa, daga mara nauyi zuwa mai nauyi a dawo, minti 50 ne zuwa awa guda, kuma da mara nauyin yake farawa. Abubuwa biyu ke biyo baya. Uwar da ta ajiye shi da zarar ya rufe ido takan ga ya farka kafin ta gyara zani, domin bai yi nisa ba. Da ta jira kamar minti 20, har hannunsa ya saki ya yi laƙwas idan an ɗaga, da ya kwanta. Sannan uwar da ke sure shi da ta ji ya yi ɗan nishi, sau da yawa ita ce ta tashe shi. Gara ta dakata kaɗan ta duba. Idan ya buɗe ido yana juya kai yana tsotsar hannu, yunwa ce, a ba shi kafin ya kai ga kuka. Idan idonsa a rufe yake, a bar shi.

Duk wanda ya fahimci waɗannan abubuwa uku zai ga cewa neman jariri ɗan sati biyu ya kwana bai motsa ba neman abin da bai kamata ya faru ba ne. Sauƙin farkawar nan kariya ce gare shi: ita ke tashinsa idan yunwa ta kama shi, ko sanyi, ko wani abu ya toshe masa hanci. Abin da ake iya yi shi ne a sauƙaƙa masa shiga barci, a taimaka masa ya gane dare da wuri, a tabbatar inda yake kwance ba zai cutar da shi ba. Duk wata dabara da ke ƙara wa barcinsa nauyi da ƙarfi, abar tsoro ce.

Gane dare da rana haske ne ke koyar da shi. A nan tsarin ɗakunan karkara yana da tasiri. Ɗakin ƙasa mai ƙaramar taga, ga labule a ƙofa, ga mai jego ba ta cika fita ba a kwanakin farko, sai jariri ya yini cikin duhu-duhu. Da dare kuma a kunna fitilar sola mai haske fari tas, ko a riƙa haska masa tocilan waya a fuska don a ga ko lafiya. An juya masa lissafi ke nan. Gyaran ba ya cin kuɗi. Da hantsi a ɗage labule, ko a fito da shi bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa inda akwai haske amma rana ba ta dukansa. Kada a hana yara wasa ko a dakatar da daka don yana barcin rana. Cikin uwa ba wuri ne mai shiru ba, da ƙarar bugun zuciya da gudun jini ya saba. Da dare a rage fitila iya yadda uwa za ta ga bakinsa da nono, a shayar da shi ba hira ba wasa, a canza kunzugu idan ya ɓaci kawai. Bayan makonni shida zuwa takwas akan fara ganin dogon barcinsa ya koma dare.

Jariri sabon haihuwa ba ya jure zama ido biyu fiye da awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Yakan nuna gajiya kafin ya yi kuka: hamma, kawar da kai daga mai yi masa wasa, zuba wa wuri ɗaya ido, dunƙule hannu. Idan aka wuce wannan gaɓa sai ya birkice, barcin da yake nema ya gagare shi. Ranar suna ce aka fi ganin haka. Tun safe yana yawo daga hannu zuwa hannu, wannan ta ɗauka ta ce "Allah ya raya," waccan ta karɓa, ga turare ga hayaniya, da dare kuma a yi mamakin abin da ya same shi. Gajiya ce. Ba laifi ba ne gwaggo ko kaka ta shige da shi ƙurya ya yi barcinsa, masu barka su gan shi a kwance.

Kafin a kwantar da shi, a bar shi ya sha nono ɗaya har ya saki da kansa sannan a juya shi ɗayan, domin nonon da ke zuwa daga ƙarshe ya fi maiƙo, ya fi riƙe ciki. A ɗora shi a kafaɗa a shafa bayansa ya yi gyatsa. A duba wuya da hammata da matsematsi, inda ƙurajen zafi da saɓar kunzugu ke ɓuya.

A fannin lallashi kuwa, matan ƙasar Hausa sun riga likitoci. A 1986 wasu masu bincike biyu a birnin Montreal na Kanada, Hunziker da Barr, sun sa wasu iyaye mata su ƙara yawan ɗaukar jariransu a kullum, suka tarar kukansu ya ragu da kashi 43 cikin ɗari a sati na shida. A 2022 wata tawaga a cibiyar bincike ta RIKEN a Japan, ƙarƙashin Kumi Kuroda, ta auna bugun zuciyar jarirai masu kuka, ta ga cewa idan uwa ta rungume jariri ta yi tafiya da shi minti biyar ba tsayawa, kuka kan lafa, zuciya ta rage gudu, da yawansu su yi barci. Idan kuma ta zauna da shi minti biyar zuwa takwas kafin ta kwantar, ba ya saurin farkawa. Riƙe shi a zaune kawai bai yi wannan aiki ba, motsin tafiyar ne sirrin. Wannan shi ne goyo. Macen da ta ɗaura jariri da zani ta ƙara majanyi, tana kai da kawo a tsakar gida tana ɗan bubbuga shi, ta haɗa masa ɗumi da matsi da jijjiga da ƙamshin jikinta a lokaci guda. Masu cewa yawan ɗauka yana ɓata jariri, ko a bar shi ya yi kuka har ya gaji don ya saba, ba su da hujja a kan ɗan wata ɗaya ko biyu. A wannan lokaci kuka shi ne kaɗai bakinsa.

Sai dai goyon sabon jariri yana da sharaɗi. Wuyansa bai yi ƙwari ba, saboda haka zani ya tallafi ƙeyarsa, fuskarsa ta juya gefe, hanci da baki a sarari, haɓarsa kada ta danne ƙirji, domin hakan na matse hanyar iska. Abin da ya fi yawa a hanya shi ne a goya jariri sannan a zuba masa hijabi mai kauri tun daga ka, a hau babur ko a shiga kasuwa da rana tsaka. A ƙarƙashin hijabin nan zafi ne da ƙarancin iska, kuma uwa ba ta ganinsa. Shirun da ya yi ba lalle barcin daɗi ba ne. A riƙa ɗagawa ana dubawa. Yarinya 'yar raino mai shekara bakwai ko takwas ba ta isa goyon jaririn da bai yi arba'in ba. Jijjiga kuma a hankali ake yinta. Girgiza jariri da ƙarfi cikin fushi na iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa, ya makance ko ya mutu. Wadda ta ji ranta ya ɓaci ta ajiye shi wuri mai aminci, ta kira wani ya karɓa.

Akwai kukan da ba yunwa ba ne ba kuma ciwo ba. Yakan fara wajen sati na biyu, ya kai ƙarshen tsananinsa a sati na shida, ya lafa a wata na uku zuwa na huɗu, kuma ya fi zuwa tsakanin la'asar da lisha. Jariri ya murtuke, ya naɗe ƙafafu, ya yi ja. Wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya ba da ma'auninsa tun 1954: kukan awa uku a rana, kwana uku a mako, har mako uku, a yaron da ke shan nono yana kuma ƙiba. A gida sunansa ciwon ciki, kuma a nan ne ake fara ɗura wa jariri abubuwa. Kaka ta ce, "Ke 'yar nan, ƙishirwa yake ji, ba shi ruwa mana." Wata ta kawo jiƙo, wata zuma, wata ruwan kwalba daga kemis. Nonon uwa kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ne, ya ishe shi ko a tsakiyar bazara, kuma shawarar likitoci ita ce nono zalla har wata shida. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun haka. Ruwan da aka ba jariri yana cika ɗan cikin nan ba tare da ya ƙosar ba, sai ya farka da wuri. Idan kuma ruwan rijiya ne ko na randa da ba a tafasa ba, gudawa na iya biyo baya. Zuma ba ta dace da yaron da bai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta mai shanye jiki. Addu'a da tofi babu mai hana su, kariya ce da iyaye ke nema wa ɗansu. Rubutu kuwa uwa ta sha, tunda daga jikinta yake ci. Cire beli da wanzami ke yi a makon farko shi ma yakan bar jariri da ciwo a maƙogwaro, ya ƙi kama nono, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Likitoci ba su ga amfanin da ke cikinsa ba.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne goro da shayi mai kauri. Sinadarin da ke hana babba barci a cikinsu yana ratsawa cikin nono, kuma jikin sabon jariri yakan yi kwanaki kafin ya fitar da abin da babba ke fitarwa cikin awoyi. Mai jegon da ke tauna goron suna don ta kori gyangyaɗi tana iya raba ɗanta da barci ba ta sani ba.

Maganin sa barci shi ne mafi muni. A kemis-kemis na ƙauye ba wuya a sayar wa uba Piriton ko Phenergan ko maganin tari don "yaro ya samu barci." Waɗannan suna danne ƙwaƙwalwa, suna rage ƙarfin numfashi, suna kashe farkawar nan da ke tsare ran jariri. Phenergan an hana ba yaron da bai kai shekara biyu ba. Maganin tari mai kodin gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi tun watan Mayun 2018. Ba a manta da My Pikin ba, maganin haƙori da aka samu gurɓatacce da guba a ƙarshen 2008, wanda ya kashe yara aƙalla 84 a Nijeriya ta hanyar lalata musu ƙoda, ko yara kimanin 70 da suka mutu a Gambiya a 2022 bayan shan wasu magungunan tari. Ko farasitamol bai kamata a ba jaririn da bai kai wata biyu ba sai ma'aikacin lafiya ya gan shi, domin yana ɓoye zazzaɓin da ya kamata a gani.

Sai yadda ake kwantar da shi. A rigingine, kowane barci, dare da rana, har ya shekara. Wannan darasi da tsada aka saye shi. Shekaru da dama likitoci a Turai da Amurka suna cewa a kwantar da jarirai rubda ciki, ana kuma ta samun lafiyayyun jarirai sun mutu cikin barci ba a san dalili ba, galibi tsakanin wata biyu da huɗu. Da bincike ya gano alaƙar, Ingila ta fara gangamin kwantarwa a rigingine a 1991, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantarwa rubda ciki a 1992, gangaminsu ya biyo baya a 1994. Cikin shekaru kaɗan irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Gaskiya ne jariri ya fi nisa a barci idan yana rubda ciki, kuma wannan nisan shi ne haɗarin: hancinsa na nutsewa a katifa, yana sake shaƙar iskar da ya fitar, zafi na taruwa, bai kuma farka ba. Kwanciyar gefe ma ba ta da tabbas, don yana iya kifewa. Tsoron da iyaye ke yi shi ne kada ya yi tumbuɗi ya shaƙe. Halittar maƙogwaro ta amsa wannan: hanyar iska tana gaba, hanyar abinci tana bayanta, don haka idan yana rigingine nonon da ya dawo yakan koma ta ƙasa inda ya fito, ko ya juya kai ya zubar. Rubda ciki yana da lokacinsa, wato idan yana ido biyu, babba na kallonsa, a kan ƙirjin uwa ko a tabarma, don wuya ya yi ƙwari ƙeya kuma kada ta baje.

Shimfiɗar ta zama mai tauri, a miƙe, ba filo, ba tarin tsummoki, ba leda a kusa da fuska. Tabarma da zani mai tsabta sun fi tsohuwar katifar soso da ta lotsa a tsakiya. Naɗe jariri da zani mara nauyi yana rage zaburar da ke tashinsa, amma a bar ƙugu da ƙafafu su sake, kada naɗin ya kai fuska, a kuma daina da zarar ya fara ƙoƙarin juyawa.

Likitocin Amurka suna cewa jariri ya kwana ɗaki ɗaya da uwa amma a shimfiɗarsa daban, kuma sun ƙiyasta kwana ɗaki ɗaya na rage haɗarin mutuwar barci da kusan rabi. A Kafin Dafga da kewaye kusan kowace uwa da jaririnta take kwana, gado ɗaya, gidan sauro ɗaya, kuma wannan na sauƙaƙa shayarwa ƙwarai. Faɗa mata ta daina ba zai yi aiki ba. Abin da ya fi amfani shi ne a san inda haɗarin yake. Jariri ya kwanta gefen uwa kaɗai, ba tsakaninta da wani ba, ba kuma kusa da yayyensa masu birgima ba. Kada ya kasance a bakin gado, ko inda zai faɗa tsakanin katifa da bango. Bargon uwa ya tsaya a ƙugunta, shi a rufe shi da nasa mara nauyi iya ƙirji. Uwar da ta sha maganin mura mai sa barci, ko zazzaɓi ya kayar da ita, kada ta kwana da shi a jiki. Gyangyaɗi da jariri a kan kujerar kushin ya fi gado haɗari nesa ba kusa ba. Hayaƙin taba kuma, ko na uba ne, yana ninka haɗarin.

Kowane lokaci na shekara da irin matsalarsa. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba a ƙasar Kano kan sauko wajen digiri 12 ko 13, jariri kuma yana saurin rasa ɗumin jikinsa. Shi ya sa ake son a jinkirta wankan farko har awa 24 bayan haihuwa, a kuma daina yi masa wanka da sassafe ko bayan magariba a buɗaɗɗen wuri. Amma a leƙa ɗakin mai jego da daren hunturu: an rufe ƙofa, an toshe taga da tsumma, ga kaskon garwashi a gindin gado, an zuba turaren wuta, jariri na cikin riga biyu da hula da safa da shawul, an kuma lulluɓe shi da bargo har ka. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci mai nauyi da ciwon kai, tana kisa. Irinta ce janareta ke fitarwa. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a bar kafar iska. Ƙa'idar tufafi mai sauƙi ce: abin da babba ya sa ya ji daidai, a ƙara wa jariri ɗaya. A taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, ba tafin hannu ba, don hannu da ƙafa kan yi sanyi ko yana lafiya. Idan ƙeya na gumi, kaya sun yi yawa.

Da bazara, a Afrilu da Mayu, zafin rana kan kai digiri 40, ɗakin kwano kuma ba ya hucewa sai dare ya raba. Riga ɗaya ta auduga ta isa, ko kunzugu kaɗai. A shafe shi da tsumma mai ɗan ɗumi, a ƙara yawan ba da nono. Idan an fito tsakar gida kwana, da gidan sauro za a fito. Yankin Ƙaraye yana da ruwa: ga madatsar Challawa da aka kammala a 1992, ga fadamu da gonakin rake da na rani, don haka sauro ba ya jiran damina kaɗai. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina daga ɗan wata uku yake farawa, saboda haka sabon jariri gidan sauro ne kawai garkuwarsa. A cusa gefensa ƙarƙashin katifa, a ɗaure shi ya miƙe kada ya zubo a fuskar yaro, kada kuma jikinsa ya jingina da shi. Sabo a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a ɗaura. Maganin sauro na igiya da fiya-fiya ba su da wuri a ɗakin da jariri ke numfashi.

Bakwaini, da duk jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba, hukuncinsa daban ne. Ba ya iya riƙe ɗumi, kuma sau da yawa ba shi da ƙarfin farkawa ya nemi nono, sai an tashe shi kowane awa biyu zuwa uku. Abin da ya fi yi masa amfani shi ne goyon ƙirji: a sa masa kunzugu da hula kawai, a kwantar da shi a tsaye tsakanin nonon uwa, fata na taɓa fata, kansa a juye gefe, a ɗaure da zani. Wani likita, Edgar Rey, ya fara wannan a birnin Bogota na Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalaben jarirai, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi nan take bayan haihuwa. Uba ko kaka na iya karɓar uwa idan za ta yi wanka ko barci.

Jaririn da ya fi ban tsoro ba mai kuka ba ne. Shi ne wanda ake yabo, ana cewa, "Kai, yaron nan akwai haƙuri, sai an tashe shi." A makonnin farko, kafin ya mai da nauyin haihuwarsa, wanda yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14, kada a bar shi ya wuce awa uku zuwa huɗu bai sha ba. Daga kwana na biyar ya kamata ya jiƙa kunzugu sau shida ko fiye a kwana. Yawan barci da kasa tsotso na daga alamun farko na cutar da ta shiga jini, wadda kan shiga ta cibiya idan an yi mata gashi da tsumma mara tsabta ko an shafa mata abubuwa. Man kulohezidin da ake bayarwa a asibiti shi ne na cibiya. Yawan barcin kuma alama ce ta ciwon shawara. A duba shi da hasken rana, a danna goshi ko hanci a ga ko fatar ta yi rawaya. Shawarar da ta fito a ranar farko, ko ta kai tafin hannu da na ƙafa, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma shanya yaro a rana ko ba shi ruwan gulukos ba ya maganinta. Kafur da ake zubawa cikin akwatin kayan jarirai yana fasa ƙwayoyin jinin wasu yara, musamman maza, ya tsananta ta. A raba shi da kayan. Idan jariri ya ƙi nono, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya kai 60 a minti, ko haƙarƙarinsa na shiga ciki, ko numfashi ya tsaya har daƙiƙa 20, ko ya yi taune-taune, ba a jiran gari ya waye. Binciken 2018 ya nuna cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 39 ba sa cika wata guda, kuma jinkirin kai su asibiti na cikin manyan dalilai. Daga ƙauye zuwa asibitin Ƙaraye ko Rogo ko Gwarzo da tsakar dare sai da shiri, don haka aikin maigida ne tun kafin haihuwa ya tanadi kuɗin mai, ya kuma san mai babur ko mai motar da zai buga wa.

Barcin jariri ba ya rabuwa da na uwarsa. Al'adar wankan gida, da zuwan kaka ko gwaggo ta zauna har arba'in, ta tanadi abin da ake bukata, muddin masu taimakon sun ɗauke mata girki da wanki da ɗiban ruwa, ta samu ta kwanta duk lokacin da ya kwanta. Mai haihuwar fari tana bukatar kulawa ta musamman, domin kunyar ɗan fari kan hana ta ɗaukarsa ko shayar da shi a gaban surukai, ta bar shi yana kuka har sai an ce, "Ɗauke shi mana." Manya su ba ta wuri, su kuma ba ta izini a fili. Idan mai jego ta kasa barci ko da jariri na barci, tana yawan kuka, ba ta son abinci, ba ta jin daɗin ɗanta, har abin ya wuce mako biyu, wannan ciwo ne da ke da magani, a kai ta asibiti. Haka ma idan tana haki in ta kwanta, ko ƙafafunta sun kumbura.

Ana son ma'aikacin lafiya ya duba uwa da jariri cikin awa 24 na farko, da kwana na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma sati na shida, ko da a gida aka haihu. A sati na shidan ne ake fara zagayen rigakafi na biyu, bayan na ranar haihuwa, kuma jariri kan yi ɗan rigima ko ɗumin jiki ko ƙarin barci na kwana ɗaya ko biyu bayansa. Daga wata uku zuwa huɗu yawancin jarirai kan fara haɗa awa huɗu zuwa shida a farkon dare, adadin barcinsu kuma ya koma awa 12 zuwa 16. Wasu kan ci gaba da farkawa sau biyu ko uku har su shekara, musamman masu shan nono, kuma idan awo ya nuna nauyinsu na ƙaruwa, hakan ba matsala ba ce.